Sharhi: Kafin ɗan kasuwar Dumega ya sayi saba, ya fara da lissafin batir

A farkon watan Disamban 2025 kamfanin Micron na Amurka ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial, wato RAM da faifan SSD da masu gyaran kwamfuta suka daɗe da sani, domin ya mayar da hankali kan manyan cibiyoyin adana bayanai masu aikin ƙirƙirarriyar basira.

Sanarwar ta zo ne a lokacin da farashin RAM ya riga ya ninka a kasuwannin duniya cikin 'yan watanni, wasu nau'o'in ma suka wuce ninki. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan RAM ɗin da duniya ke amfani da shi: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron. Dukkansu sun karkata ga inda riba ta fi tsoka.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Dumega da wannan labari. Dumega ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Tibiri da ke jihar Dosso, cikin ƙasar Arewa, kusa da iyakar jihar Kebbin Najeriya. Gero da wake da gyaɗa da kiwo su ne rayuwar yankin. Amma a irin waɗannan garuruwa na Dallol Mauri, daga Dumega zuwa Tibiri, Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, akwai kantin magani, akwai asusun adashi da lamuni, akwai ƙungiyar manoma mai sito, akwai gidan mai da makaranta mai zaman kanta. Duk wanda harkarsa ta girma har littafin bashi ya gagari mutum ɗaya, wata rana zai haɗu da matashin da zai ce masa: "Alhaji, saba ya kamata ka saya."

Shawarar ba ta banza ba ce. Sai dai a daidai wannan lokaci da kaya suka yi tsada, kuskure a wajen saye ya fi da ciwo. Kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar ƙarfin na'ura, alhali a Arewa wuta da zafi da nisan mai gyara ne ke yanke hukunci.

Gida ɗaya, ɗakunan haya da yawa

Saba ita ce kwamfutar da ake bari a kunne tana yi wa sauran hidima: a cikinta ake ajiye lissafin kuɗi, jerin kayan da ke sito, sunayen masu bashi da takardun ofis, sauran ma'aikata kuma su riƙa shiga daga nasu kwamfutocin.

A da, kowane aiki da tasa na'urar. Yanzu akwai manhajojin da ke raba ƙarfin na'ura ɗaya zuwa kwamfutoci da dama da ke zaune a cikinta, kowace da nata tsarin, kamar gida ɗaya mai ɗakunan haya. Ɗaki ɗaya na manhajar lissafi irin Sage da akantoci ke amfani da ita wajen bin tsarin SYSCOHADA, wani na ajiyar takardu, wani na kula da intanet ɗin ofis. Idan ɗaki ɗaya ya kamu da cuta, ba lallai ta tsallaka zuwa na kusa ba. Kuma ana iya kwafe ɗaki sukutum, a kai shi wata na'urar a tayar da shi kamar yadda yake.

Wannan fa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi amfani ga ɗan kasuwar karkara. Amma tana tafe da haɗarinta: idan gidan ya rushe, duka 'yan haya a waje za su kwana.

Abin da ke ƙayyade yawan ɗakunan shi ne RAM, fiye da gudun furosesa. Kwamfutar ciki mai ɗauke da Windows da rumbun bayanan lissafi kan buƙaci gigabait 8 zuwa 16 kafin ta saki jiki. Ta ajiyar takardu mai Linux na iya wadatuwa da 2 zuwa 4. Idan aka haɗa uku ko huɗu aka bar sarari, gigabait 32 ya ishi mafi yawan ƙananan ofisoshi. Ta nan ne labarin Micron ya iso Dumega, domin abin da aka fi buƙata a wannan aiki shi ne ya fi komai tashi.

Akwai kuma wani dalili da ke tura 'yan kasuwa ga na'ura ko suna so ko ba sa so. Hukumar haraji ta Nijar, DGI, ta shigo da tsarin rasit na zamani mai suna SECeF, wanda ke wajabta wa kamfanonin da dokar ta shafa fitar da rasit ta hanyar na'ura ko manhajar da hukumar ta amince da ita. Ga wanda ke sayar wa ma'aikata ko ƙungiyar agaji kaya, ranar da na'ura ta tsaya ranar ce ciniki ke tsayawa.

Wutar da ke zuwa daga Birnin Kebbi

Jihar Dosso na cikin yankin da ke shan wuta daga babban layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya bi ta Dosso ya shiga Yamai. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa.

Kwanaki kaɗan bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Najeriya ta yanke wutar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS. Sai bayan da ƙungiyar ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka dawo da ita. A watan Afrilun 2025 kuma ministar makamashin Nijar, Haoua Amadou, ta bayyana cewa abin da ke shigowa daga Najeriya ya ragu daga megawat 80 zuwa 46.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin cike giɓin. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, sola kuma ta bazu a rufin gidaje da shaguna yadda ba a taɓa gani ba. Duk da haka, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a ƙasar baki ɗaya, kuma a karkara abin bai kai haka ba. Inda layin ya isa ma, idan wuta ta yi ƙaranci a watannin zafi, ba ƙaramar hukumar karkara ce ake fara tunawa da ita ba.

Ma'anar wannan ga mai son saba ita ce, kuran ɗin NIGELEC kyauta ce idan ta zo. Ainihin abin da zai riƙe na'urar shi ne farantin sola da batir, ko gurup mai shan mai. Don haka kowane wat da na'urar ke ci, kuɗi ne da za a biya tun ranar farko a shagon mai batir.

Ga misali a lissafe. Tsohuwar babbar saba irin ta cibiyoyin bayanai, kamar Dell PowerEdge R730 da ta fito a 2014, mai furosesa biyu da faifai da yawa, na iya cin wat 200 tana aiki matsakaici. A sa'o'i 24 ta sha kilowat-awa 4.8, a shekara 1,752. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da sola za ta sake kamawa da safe, a ce sa'o'i 14, tana buƙatar kilowat-awa 2.8.

Batir na gargajiya mai bolt 12 da amfiya-awa 200, wanda aka fi gani a kasuwa, yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a rubuce, amma rabi kawai ake ja idan ana son ya yi ƙarko. Idan aka haɗa da abin da inbata ke ɓatarwa, saba ɗaya tak za ta cinye batura uku a kowane dare, ba a kunna ko ƙwan fitila ba. Sannan a nemo farantan sola aƙalla uku masu wat 400 zuwa 450 da za su cika su, ban da ranakun da hazo ya rufe rana.

Ƙaramar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex Micro, Lenovo ThinkCentre Tiny ko HP EliteDesk Mini, wadda ba ta wuce girman littafi ba, kan tsaya a wajen wat 25 idan tana irin wannan aiki. Darenta kilowat-awa 0.35 ne. Batir ɗaya zai riƙe guda biyu har gari ya waye, da saura.

Bambancin ya kai ninki takwas. Ga ofishin mutum biyar ko goma, aikin da za su yi wa mai su kusan ɗaya ne.

Afrilu da Mayu

Duk wutar da na'ura ta ci, zafi take komawa. Kamfanonin da ke ƙera manyan sabobi kan rubuta cewa iskar da ke shiga cikinsu ta tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos. A Arewa, zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka.

Idan saba ta ji zafi, fankokinta ne ke tashi, su ƙara cin wuta, su cika ofis da ƙara kamar injin niƙa, daga nan ta rage gudu, idan abin ya ci tura ta kashe kanta. Magani shi ne na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ƙaramarta kan ci wat 700 zuwa 1,000 lokacin da take aiki. Wanda ya shiga kasuwa don sayen saba mai araha sai ya tarar yana gina ƙaramar tashar lantarki a bayan shago.

Batir ma bai tsira ba. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwar batir na gargajiya. Shi ya sa ƙananan batura da ke cikin UPS ke mutuwa tun ba a je ko'ina ba, mai shi kuma ba zai sani ba sai ranar da aka ɗauke wuta komai ya mutu tare. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 ya fi jure zafi, ana kuma iya jan mafi yawan abin da ke cikinsa, sai dai kuɗinsa na farko ya fi nauyi.

Bayan zafi sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na shigo da ƙura ta kowace kafa, babbar saba kuma iska take zuƙa daga gaba ta fitar ta baya dare da rana, don haka ita ce tsintsiyar ofis. Da damina ta sauka sai tsawa. Sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa yadda ya kamata, da na'urar kare kaya daga tashin wuta, ba su kai kuɗin RAM guda ba, amma su ake fara cirewa daga lissafi idan kuɗi ya gaza.

Abin da ke jan mutane ga babbar

A yi wa masu ba da shawarar babbar saba adalci, suna da hujja. Sabobin da kamfanonin Turai da Amurka suka yar bayan shekara biyar ko bakwai suna shigowa kasuwannin Legas da Kano da Yamai a farashi mai sauƙi, kuma sau da yawa da RAM mai yawa a cikinsu, gigabait 64 ko 128. A wannan zamani na tsadar RAM, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

RAM ɗin nasu kuma nau'in ECC ne, wanda ke gano ƙaramin kuskure ya gyara kafin ya ɓata bayanai. Suna da mashigar wuta biyu, idan ɗaya ta ƙone ɗayar ta riƙe. Suna da wata kafa ta musamman, iDRAC a Dell ko iLO a HPE, wadda ke ba injiniya damar kunnawa da kashewa da duba lafiyar na'urar daga nesa, ko da tsarinta ya ƙi tashi. Ga wanda injiniyansa ke Yamai, kusan kilomita 270 daga Dogon Dutsi, wannan kafa na iya hana tafiyar kwana biyu. Ƙaramar kwamfutar ofis ba ta da ECC, mashigar wutarta ɗaya ce.

Sai dai an ƙera waɗannan na'urori ne don ɗaki mai sanyi, mai wutar da ba ta ɗaukewa, a garin da kamfani zai kawo kayan gyara washegari. A Dumega babu ko ɗaya daga cikin ukun. Mashigar wuta biyu ba ta da amfani idan duka biyun inbata ɗaya suke sha.

Akwai tsaka-tsaki, kuma shi ne ya fi dacewa da wanda ke riƙe da kuɗin jama'a, kamar asusun adashi da lamuni: ƙananan sabobi masu tsayuwa kamar akwati, masu furosesa ɗaya, irin HPE ProLiant MicroServer ko Dell PowerEdge T150 da T160. Suna da ECC, suna da kafar kulawa daga nesa, cin wutarsu kuma bai kai na manyan ba. Inda kuskuren lamba ɗaya zai iya zama rigima tsakanin asusu da mai ajiya, kuɗin ECC bai ɓaci ba. Ga kantin magani ko dillalin hatsi kuwa, ƙananan kwamfutoci biyu iri ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na karɓar kwafi, sun fi babbar guda ɗaya kwanciyar hankali. Idan ta farko ta mutu da hantsi, kafin azahar an tayar da ɗakunan a ta biyu.

Wani abin da ya faru a waje ya taimaka a nan. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar mafi yawan furosesan Intel da suka girmi ƙarni na takwas. Ofisoshi da yawa a duniya sun sallami kwamfutoci masu lafiya saboda wannan dalili kaɗai. Manhajojin raba na'ura da ke kan Linux ba ruwansu da wannan sharaɗi. Da yawan ƙananan kwamfutocin na ɗaukar gigabait 32, wasu har 64. Abin lura kawai shi ne, mai sayarwa ya san darajar RAM yanzu, don haka a buɗe a ƙirga abin da ke ciki kafin a biya.

Lasisi na bin ƙwayoyin furosesa

Shekaru da dama, duk wanda ya koyi wannan aiki da VMware ya koya. Kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware ranar 22 ga Nuwamban 2023, cikin makonni kuma ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma na biyan kuɗi shekara-shekara, ana lissafi da yawan ƙwayoyin furosesa, mafi ƙaranci 16 a kowace furosesa. A Fabrairun 2024 ya janye ESXi na kyauta da ƙananan ofisoshi ke dogaro da shi. Ya dawo da shi a Afrilun 2025, ba tare da tallafi ba kuma da ƙayyadewa, amma mutane da yawa sun riga sun kama gabansu.

Inda suka fi komawa shi ne Proxmox VE, manhajar wani kamfani da ke Biyana ta ƙasar Ostiriya, wadda ake saukewa kyauta, mai son tallafi ya biya. Akwai kuma XCP-ng da kamfanin Vates na Faransa ke kula da ita, wadda ke da sauƙi ga injiniyan da Faransanci ne harshen aikinsa. Proxmox na tashi a kan kusan kowace kwamfutar ofis, yayin da ESXi ke da tsirfa wajen irin kayan da yake karɓa.

Wannan ya shafi zaɓin na'ura kai tsaye. Lasisin Windows Server nau'in Standard yana farawa ne daga ƙwaya 16, dole kuma a biya wa duk ƙwayoyin da ke cikin na'urar, sannan ya ba da damar kwamfutocin ciki guda biyu kacal. Tsohuwar saba mai furosesa biyu, kowace da ƙwaya 14, ta zama 28 kenan. An saye ta da araha, lasisinta ya kusa ninkawa, kuma mafi yawan ƙwayoyin zaman banza za su yi.

Kowa ya san yadda ake kauce wa wannan lissafi a kasuwanninmu: kwafin sata. Wanda ya ɗora littafin bashin shekara goma a kan manhajar da ba ya iya sabuntawa, wadda bai san wanda ya taɓa cikinta ba, ya bar ƙofar sito a buɗe ne ga masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa.

To me ya hana a yi haya a intanet?

Tambaya ce da ta fi ƙarfi a yau fiye da shekara biyu da suka wuce. Nijar ta ba Starlink izinin aiki, kamfanin kuma ya fara a hukumance a watan Maris na 2025, don haka ofis a Dumega na iya samun intanet mai gudu ba tare da jiran Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms su inganta eriyar garin ba. Akwai kuma aikin wayar faiba ta ƙetaren Sahara da Bankin Raya Afirka ya tallafa, wanda ya ƙunshi fiye da kilomita 1,000 a cikin Nijar, har da layin Yamai zuwa Dosso da Gaya, da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai.

Ga ƙaramin shago mai ma'aikaci ɗaya ko biyu, amsar a fili take: ba ya buƙatar saba ko kaɗan. Kwamfuta ɗaya mai batir a jikinta da kwafin da ake turawa intanet sun wadatar.

Ga wanda ya fi haka, haya na da nata ƙayoyin. Ana biya ne da Yuro ko Dala ta katin banki mai aiki a waje, wanda ba kowane ɗan kasuwar karkara ke da shi ba, ko da yake darajar sefa a ɗaure take da Yuro a kan kusan 656, abin da ya sa lissafin ya fi na maƙwabcinsa mai naira tabbas. Kwanon Starlink kansa na cin wutar da ta fi ta ƙaramar kwamfutar da aka yi magana a kai. Kuma ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashen yankin da dama har da Nijar sun ga yadda aiki ke tsayawa idan komai na can nesa.

Ga asibiti ko asusun lamuni akwai batun doka. Bayanan marasa lafiya da na masu ajiya bayanan sirri ne, hukumar HAPDP ce ke sa ido a kansu a Nijar, kuma fitar da su zuwa wata ƙasa na da sharuɗɗa. Abin da ya fi dacewa da yawancin irin waɗannan wurare shi ne aiki ya zauna a gida, kwafi a kulle da mabuɗin sirri ya riƙa fita waje da dare.

Ranar da ta lalace

Tun bayan juyin mulki iyakar Nijar da Benin a Gaya take rufe daga ɓangaren Nijar, kayan da a da ke zuwa daga tashar Kwatano yanzu sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, ko su biyo ta Najeriya. Ga mutumin Arewa, kasuwar kayan kwamfuta mafi kusa a aikace ita ce Yamai, ko ya tsallaka zuwa Birnin Kebbi da Sakkwato, idan abin ya gagara a aika Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja. Matsalar tsaro a kan iyakar Kebbi da Sakkwato ta sa tafiyar ma ba yadda aka saba ba.

Wannan ne ma'aunin da ba ya cikin takardar bayanin kowace na'ura. Cajar ƙaramar kwamfutar Dell ko HP ko Lenovo, da RAM ɗinta, da faifanta, duk mai gyaran kwamfuta a Dosso ko Dogon Dutsi ya san su. Fankar R730 ko katin da ke haɗa faifanta kuwa, sai an yi waya Legas, a jira mota.

A faifai ne bai kamata a yi rowa ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ita ke lalata rumbun bayanai, kuma faifan SSD na kasuwa ba shi da kariya daga wannan. Nau'in da aka yi don sabobi yana da 'yar ma'ajiyar wuta a ciki da ke ba shi damar ƙarasa rubutu. Guda biyu da ke kwafar juna sun fi ɗaya babba. Sannan a haɗa UPS da na'urar ta wayar USB, yadda idan batir ya kusa ƙarewa za ta rufe ɗakunanta ɗaya bayan ɗaya ta kwanta da kanta. Faifai biyun nan ba sa hana ɓarawo ko gobara ko ma'aikacin da ya goge fayil, don haka faifai na uku ya riƙa kwana a wani gida, kuma a riƙa gwada tayar da shi ko sau ɗaya a wata.

Saura mutum. A yawancin ƙananan ofisoshi matashi ɗaya ne ya haɗa komai, shi kaɗai ya san kalmar sirri. Arewa ƙasar 'yan ci-rani ce, kuma mai irin wannan ilimi bai cika daɗewa a karkara ba. Aiki na kiransa Yamai ko Abuja ko Abijan. Kafin a biya shi kuɗin aikinsa na ƙarshe, ya rubuta kalmomin sirri da matakan tayar da na'ura ta biyu a takarda, cikin harshen da mai shagon ke karantawa, a ajiye tare da takardun fili. Sannan a cire wayar na'ura ta farko a gabansa, wani ma'aikacin daban ya bi takardar ya tayar da ta biyu.